Ranar da Umma Ta Zama Turke

A ofis Uwar Ƙa'ida suke ce mata, amma a bayan idonta. A gida kuwa Auta ce, duk da furfurar da ta fara leƙowa ta gefen kunnenta. Aikinta shi ne tsara yadda fitilun danja na birnin suke fahimtar juna, kuma duk wanda ya ɗauka wannan ƙaramin aiki ne, bai taɓa zama da wakilan kamfanoni uku a ɗaki ɗaya ba.

Kafin a ba ta aikin, kamfani ɗaya ne ya kafa kyamarori a kan tituna, wani ya kafa akwatunan ƙarfen nan na bakin hanya masu kunna ja da kore, na uku kuma ya kawo babbar kwamfutar da ke cibiya. Kowanne da yarensa. Kyamara ta hango motar asibiti ta yi ta ihu, akwati ya yi kamar ba da shi ake ba, kwamfutar cibiya kuwa tana can tana ƙirga motocin jiya. Auta ce ta tara wakilan kamfanonin, ta yi ta gasa su a ɗakin taro mai fanka mai kuka, shekara ta zagayo ta sake zagayowa, har suka gaji suka sa hannu a kan harshe ɗaya. Shi ake kira ƙa'idar bai-ɗaya. A cikinta duk abin da zai hau titi yana da ajinsa. Akwai mota, akwai bas, akwai motar asibiti da keke da mutum, sai aji na ƙarshe, abu tsayayye, inda ake jefa turaku da kwandunan shara da duk abin da danja ba ta da dalilin jira.

Laƙabin nata kuwa ba daga wannan rubutu ya samo asali ba, daga ƙin alfarma ne. Manya da dama sun aiko a asirce, a ɗan taɓa musu akwatin mahaɗar da ke ƙofar gidansu, kore ya riƙa saurin zuwa. Amsarta ba ta canzawa: ran da aka taɓa akwati guda a ɓoye, an daina sanin abin da ke cikin sauran. Har mijinta ya taɓa gwadawa da wasa-wasa, ranar ya sha shayinsa ba sukari.

Wata safiya tana tsaye gaban allo wayarta ta yi ƙara. Yayanta ne, lauya, mutumin da ko gaisuwa zai yi sai ya fara da shimfiɗa.

"Auta, kina zaune?"

"Ina tsaye, Yaya."

"To nemi kujera. Danjarki ta kusa raba mu da uwarmu."

Umma tana zaune ne a hawa na farko na wani tsohon bene da ke kallon babban titi. A nan ta raine su, a nan mahaifinsu ya rasu, kujerarsa tana nan gefen taga ba mai zama a kai. A baranda ga shuke-shuke cikin gwangwanayen madara, tana yi musu faɗa kamar jikoki. Tsallaken titi kuma ga kantin maganin da ta yi rabin rayuwarta tana riƙe da shi. Ta sayar da shi tuntuni, sai dai ba a samu mai ƙarfin halin gaya mata cewa sayarwa na nufin barin wuri ba. Kullum da safe sai ta yi shiri tsaf, ta rataya jaka, ta tsallaka, ta zauna kan kujerar roba gefen kanta tana nuna wa sabon mai kantin abin da ya jera ba daidai ba. Rana ta take ta tsallako gida ta ci abinci.

Auta ta tarar da ita tana goge tabarau, Yaya yana safa da marwa a falo kamar yana gaban alƙali.

"Ba abin da ya faru," in ji Umma tun ba a gaisa ba. "Na tsaya ne a tsakiyar titi motoci suka wuce. Su ne da gaggawa, ni ba inda ake jira na."

"Umma, bas sai da ya gogi jakarki," Yaya ya ce. "Mai kanti ne ya fito a guje yana ɗaga hannu."

"Wannan? Gudun nan shi ne aikin kirki na farko da na ga ya yi."

Yaya ya tsaya tsakiyar falo, ya gyara murya. "Na gama magana da kowa. Ranar Asabar zan zo da babbar mota a kwashe kaya. An share miki ɗaki a gidana, ga banɗakinki, ga lambu a baya. Ba titi, ba bas."

"Ba mutane kuma," Umma ta ce. "Ai na kwana gidan naka. Na zauna bakin taga tun safe, abin da ya wuce kyanwa ce guda, ita ma ba ta dube ni ba. Matarka kuwa, Allah ya saka mata da alheri, kirkinta ne zai kashe ni. Ko kofi na ɗaga sai ta karɓe."

Yaya ya juyo kan ƙanwarsa. "Ke ce kika cika mana kunne cewa danjar nan tana gani. Kin ce in mutum yana cikin titi ba ta sakin motoci sai ya fita."

"Haka aka tsara ta."

"To ko dai tsarin naki ƙarya ne, ko Umma ba mutum ba ce. Zaɓi ɗaya." Ya ɗauki makullin motarsa. "Ki gyara kafin Asabar, in ga ta tsallaka lafiya da idona. In ba haka ba mota na nan tafe, kuma ba na son in ji bakin kowa."

Umma ta juya tana kallon kantin ta taga, ta ci gaba da goge tabarau ɗin da tuni ya yi fes. Auta ta san uwarta. Muddin tana gardama lafiya take. In ta yi shiru, abin ya kai mata inda ya kai.

Cibiyar kula da zirga-zirga ɗaki ne mai sanyi, bango guda allo ne daga sama har ƙasa, tebura cike da kofunan shayin da aka manta. Wanda ke riƙe da ita Dogo ne, abokin karatun Auta, wanda ya ci wannan suna saboda tsayinsa bai kai kafaɗar kowa ba. Shi ya nemo hoton safiyar, suka ja kujeru suka zauna.

Ga Umma a bakin titi, kyamara ta zagaye ta da ɗan koren akwati, an rubuta mutum a samansa. Danja ta ba masu ƙafa hannu, Umma ta sauka da kuzari, kai a sama, kamar mai zuwa karɓar lambar yabo. Ba ta yi nisa ba gwiwa ta tuna mata shekarunta. Tafiya ta lafa, ta ƙara lafawa. Akwatin da ke zagaye da ita ya yi 'yar rawa, ya koma toka-toka, rubutun ya canza: abu tsayayye. Nan take saƙo ya isa ga akwatin ƙarfen bakin hanya cewa mashigar masu ƙafa ta zama fayau, ba kowa sai turke guda. Ya saki motoci.

Dogo ya toshe baki da hannu, kafaɗunsa na rawa.

"Yi dariyarka ka huta," Auta ta ce.

"Allah ya ba ki haƙuri, Injiniya. Ni dai abin da zan ce, ba na'urar da ta yi kuskure. Kowacce ta bi ƙa'ida sau da ƙafa. Sakin layin nan kuma kin fi ni sanin wanda ya rubuta shi."

Ta sani. Sakin layin ya ce duk abin da saurinsa bai kai kaza ba, ba mai tafiya ba ne. Lambar kuwa daga wani babban littafi aka ɗauko ta, wanda shi ma daga wani littafin ya kwafo, kuma kowa ya yarda da ita ne saboda kowa ya yarda da ita. Sun ma gwada, don kada a ce ba a gwada ba. Injiniyoyi suka yi ta tafiya a barandar ofis ana auna su, kowa na rantsuwa cewa tafiyar tsofaffi yake yi. Abin da ba wanda ya lura da shi, lokacin cin abinci ne aka yi awon, ɗakin abincin kuma yana ƙarshen barandar.

"A sauke lambar mana," in ji Dogo.

"Ka manta abin da ya faru da aka sauke ta a gwajin farko? Leda ta zama mutum, inuwar reshe ta zama mutum. Rabin birni ya tsaya cak yana jiran kwali ya tsallaka titi."

Dogo ya waiga, ya ga ba mai sauraro, ya matso da kujera. "Ban ce a ko'ina ba. Akwati ɗaya. In shiga daga nan, in sauke lambar mahaɗar nan kaɗai. Kafin shayin nan ya huce na gama, kuma ba wanda zai sani."

"Ni zan sani."

"To ke kya kai ƙarar kanki? Umma ce fa, ba wani mai ƙaton ciki da ke son isa wurin cin abinci da wuri ba."

Da wani ne ya faɗi haka a wata ranar, da ya ji babu daɗi. Yau kuwa ta zuba wa yatsun Dogo ido a kan madannan kwamfuta, ta daɗe tana kallo fiye da yadda ya kamata. Abin da ya ba ta tsoro shi ne ba ta ji haushin maganar ba ko kaɗan.

"Kar ka taɓa," ta ce da ƙyar. "Amma kar ka yi nisa."

Da yamma ta koma wurin Umma, ta same ta a baranda tana ban ruwa. Ta yi ta kewaye-kewaye, ta kawo maganar kyamara, ta kawo ta akwati, har Umma ta ce ta faɗi abin da ya kawo ta ko ta miƙo mata almakashi. Sai ta faɗa.

"Turke?" Umma ta dire butar. "Ni?"

"Ba ke kaɗai ba, Umma. Duk wanda tafiyarsa ta yi sanyi sosai."

"Su wa da wa ke cikin ajin namu?"

"Turakun fitila. Alluna." Auta ta kau da kai. "Kwandunan shara."

"Madalla. Na yi shekara da shekaru ina tsaye bayan kanta, na tura ki karatu, kin dawo kin rubuta wa hukuma cewa uwarki kwandon shara ce." Ta tsinke wani busasshen ganye ta jefar. "To tsaya. Da na sauka titin, me abar ta ce ni?"

"Mutum."

"A tsakiya kuma turke. To a ina na canza? Ni dai ban ji komai a jikina ba."

Auta ta buɗe baki za ta yi bayani. Bayanin a shirye yake, ta sha yin sa a taro: na'ura ba ta riƙe abu a ka, kowane lokaci sabon hukunci take yankewa a kan abin da take gani yanzu, haka ake yi a ko'ina, haka aka koya musu. Ta ji bayanin a kunnenta kafin ya fito, sai ta rufe bakin. Me ya sa ba za ta riƙe ba? Leda ba ta taɓa tsayawa bakin titi tana jiran danja ba. Kwali bai taɓa sauka da kuzari, kai a sama ba. Ba su taɓa zama mutane ba, balle a ce sun ci gaba da zama. Ashe ba lambar ce ke da laifi ba, mantuwa ce.

"Kin yi shiru," Umma ta ce. "In kuka za ki yi, matsa daga kan shukata."

Kwamitin ƙa'ida yana da wata hanyar aiki da Auta take alfahari da ita, har zuwa wannan makon. Ba a jefa ƙuri'a. Sai kowa ya yarda, mutum ɗaya ya ce a'a magana ta mutu. Ita da kanta ta kafa wannan, don kada babban kamfani ya haɗiye ƙananan. Ta kira taron gaggawa ranar Alhamis, a ɗakin nan mai fanka mai kuka.

"Kafin komai," ta ce da suka zauna, "ku sani turken da za ku gani yanzu uwata ce. Na faɗa ne don kada wani ya ji a waje."

Aka kunna hoton. Ba wanda ya yi dariya, ko da yake wakilin kamfanin akwati ya kamu da wani tari mai tsawo.

"Kyamararmu ta gan ta sarai," in ji wakilin kamfanin kyamara. "Wurin da za mu sa ta ne ba a ba mu ba."

"Akwatinmu abin da aka gaya masa ya yi," in ji mai tari.

"Mu a cibiya ba a ma gaya mana ba," in ji na ukun.

Duka ukun suka jingina da kujerunsu cikin nishaɗi. Ba abin da ke faranta ran ɗan kamfani kamar matsalar da ba ta kowa ba.

Auta ta ce jimla ɗaya take so a ƙara, ta karanto ta: abin da ya shiga mashiga yana mutum, mutum ne har ya fita.

Ciyaman, wani tsohon malamin jami'a da ya ƙware wajen barci ido buɗe, ya farka. "Ba lamba a ciki?"

"Babu, ranka ya daɗe."

"Ƙa'ida ba lamba." Ya juya takardar ya duba bayanta, ko lambar tana can.

Wanda take tsoro dai shi ne shugaban sashen bas, Mai Bas kamar yadda kowa ke kiransa, mutum mai duban agogo ko ana tsakiyar gaishe shi. Ya ɗaga yatsa.

"Injiniya, Allah ya ƙara wa Umma lafiya, ya ba ta tsawon rai. Amma in kowace tsohuwa a birnin nan za ta riƙe mini danja, bas ya makara, ni za a zaga a rediyo, ba ke ba."

"Jiran yana da iyaka. Tana nan cikin ƙa'ida tun asali, ban taɓa ta ba."

"In mutum ya tsaya tsakiyar titi yana amsa waya fa?"

"Iyaka ta cika a saki motoci, ya ji da direbobi."

"To in ya faɗi?" Wakilin kyamara ne ya jefo wannan, da alama bai yi niyya ba.

"A yau," Auta ta ce, "in mutum ya yanke jiki ya faɗi a mashiga, turke ne."

Mai Bas ya dubi agogo, amma wannan karon ba lokaci yake dubawa ba.

"Na yarda," ya ce. "Da sharaɗi. A gwada tukuna a mahaɗa ɗaya, ni zan zaɓa. In ya yi, a bi tituna ɗaya bayan ɗaya, a fara da masu ƙarancin bas. Ai ke kika rubuta cewa ba a sakin gyara sai an gwada."

Ita ta rubuta. Ya zaɓi wata mahaɗa can bayan tsofaffin rumbunan jirgin ƙasa, inda ba mai tsallakawa sai maigadi da karensa. Titin Umma kuwa, da yake ya fi kowanne bas, shi ne na ƙarshe. Ta tambaya yaushe gyaran zai iso can.

"Kafin ƙarshen shekara," in ji wakilin kyamara, "in Allah ya yarda, akwati kuma ya yarda."

A baranda Mai Bas ya tsayar da ita. "Kar ki ɗauka mugunta ce. Da na zaɓi titin Umma, gobe duk gari sai a ce ashe Uwar Ƙa'ida ma..." Ya tsaya, ya gane sunan da ya kira ta da shi a gaban idonta, ya ce yana da wani taron, ya yi gaba da saurin da ko kyamara ba za ta yi shakkarsa ba.

Ta ci nasara, wato. An yarda da jimlarta ba gardamar kirki, birni zai amfana, har da tsofaffin da ba a haifa ba tukuna. Asabar kuwa jibi ce.

Da safiyar Asabar ta tarar da babbar mota a gindin bene, masu ɗaukar kaya biyu suna zaune a bayanta suna kaɗa ƙafa. Tana fitowa daga tata motar saƙon Dogo ya shigo: yana gaban kwamfuta, kalma ɗaya kawai yake jira. Ta rubuta a'a, ta goge. Ta tsaya tana kallon tagar Umma, inda labule ke motsi. Ta sake rubuta a'a, ta tura, ta jefa wayar cikin jaka tun ba ta canza ra'ayi ba. Ta sunkuya ta ɗaure igiyar takalminta, irin na masu motsa jiki, wanda ba a taɓa ganin ta da shi a waje ba.

Yaya yana bakin matakala, hannu a baya. "An gyara?"

"An amince da gyara."

"Auta, ni lauya ne. Da bambancin nan nake cin abinci."

"Cewa ka yi ka ga ta tsallaka lafiya da idonka. Tsaya nan ka gani."

Umma ta sauko cikin shirinta na kullum, jaka a hannu, ba ta ko dubi babbar motar ba. A bakin titi ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Kar ki riƙe ni. Ni ba makauniya ba ce."

"Ba zan taɓa ki ba, Umma."

Riƙewa ma ba za ta yi amfani ba, Auta ta san wannan. In ta jera da ita suna tafiyar Umma, turaku biyu kyamara za ta gani.

Danja ta ba su hannu. Umma ta sauka da kuzarinta na farko. Auta ta wuce ta da sauri, ta kusa kai wancan bakin, ta yi kwana ba tare da ta taka gefen titi ba, ta dawo, ta bi ta bayan Umma, ta kusa kai inda suka fito, ta sake yin kwana. Hannu na kaɗawa, jaka na dukan ƙugu, ba ta fita daga farin zanen mashiga ba ko sau ɗaya. Can sama kyamara tana ganin turke guda da mutum guda, kuma muddin akwai mutum, akwati zai jira har iyakarsa ta cika. Iyakar kuwa ta auna ta da hoton nan, ta ishi Umma har da ɗan ragi.

Motoci suka jeru suna kallo. Wani direban bas ya leƙo ta taga. "Baiwar Allah, wani abu ne ya faɗi? A taya ki nema?"

"Na gode, ɗan'uwa!" ta ce, ta sake kwana, numfashi na fita sama-sama.

Umma tana tsakiyar wannan hidima tana takawa a hankali, ido a gaba, fuska a ɗaure, kamar wadda ba ta taɓa ganin matar nan da ke zagaye ta ba. Ta kai wancan bakin, ta ɗaga ƙafa ta hau, ta gyara jaka. Auta ta biyo ta. Sai a lokacin danja ta juya, motoci suka tashi.

Yaya ya jira zagaye na gaba ya tsallako, mai kanti ma ya fito ƙofa da farar rigarsa.

"Wannan ba gyara ba ne," in ji Yaya. "Wasan yara ne."

"Ta tsallaka ko ba ta tsallaka ba?"

"Kullum za ki zo ki yi wannan rawar? Daga can gidanki?"

"Kullum da safe kafin ofis, har gyaran ya iso."

"Kin san duk yaran da ke ƙarƙashinki suna kallonki a allo?"

"Na sani, Yaya." Ta dafa gwiwa tana mayar da numfashi. "Na tabbata Dogo ya faɗo daga kujera."

Yaya ya shiga neman wata ƙofar. Ya samo. "Da rana fa? Wa zai dawo da ita?"

Auta ta ɗago ta dube shi, ta sauke ido kan tumbinsa, ta sake ɗagowa.

"Kar ki ma fara," ya ce. "Ina da kotu. Ina da mutunci."

"Ni zan yi!" Mai kanti ne, har da ɗaga hannu kamar ɗan makaranta. "Wallahi ni zan riƙa mayar da Umma gida. Kullum. Na ga yadda ake yi, ba wuya. Ko kafin rana ma, duk ran da take son komawa da wuri."

Umma ta dube shi ta saman tabarau, dogon kallo, har ya sauke hannun. "Na ji ka," ta ce. "Da lokacina zan riƙa tashi."

Yaya ya dubi titi, ya dubi ƙanwarsa da gumi ya jiƙe mata wuya, ya dubi uwarsa. Muryarsa ta sauka daga ta kotu. "Umma, ke fa? Tsakani da Allah, haka kike so?"

"Je ka sallami bayin Allah nan, sun gaji da zama," ta ce. "Ka gaida matarka, ka ce na gode da ɗakin, ta zuba kayan ɗinkinta a ciki."

Ya tsaya jim, kamar zai ɗaukaka ƙara. Sai ya girgiza kai, ya juya bakin titi yana jiran danja.

Umma ta matso kusa da Auta, ta rage murya. "Ke kuma, Litinin ki rage kaɗa hannun nan, kamar mai korar kaji. Kuma ki sani, duk wanda ya tambaye ni, cewa zan yi ban san ki ba."